Kundin da na rubuta wa dillalan kasuwarmu, da tambayar da Baba ya yi mini

Ɗan Dillali ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya kwana biyu yana cina.

Ni ɗalibin lauya ne, ina aji biyar, haifaffen Agege. Mahaifina dillalin kayan gwari ne, tumatir da attaruhu da albasa, ya haura shekara 30 a wata kasuwa a nan Legas da ba sai na kama suna ba. Wata uku da suka wuce samarin ƙungiyar dillalai suka same ni, suka ce tunda Allah Ya ba su lauya a gida, in rubuta musu kundin tsarin ƙungiya. Kukansu kuwa ba na banza ba ne. Shugabannin da ke kai tun ina firamare suke nan. Ana karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta sauke kaya, ba wanda ya taɓa jin an karanta lissafi. In rigima ta taso, dattawa biyar ne ke shiga rumfa su fito da hukunci, ba rubutu, ba ɗaukaka ƙara.

Na zauna na yi aikin da ni kaina sai da na yaba wa kaina, shafi 14. Zaɓe duk shekara biyu. La'ada ƙayyadadda, ba ragi ba ƙari. Ba a ba da kaya bashi sai da takarda da mai tsayawa. Har kwamitin ladabtarwa na sa.

Daren wata Lahadi bayan isha'i na kai wa Baba. An ɗauke wuta, yana kan tabarma a ƙofar ɗaki, ni ina haska takarda da waya ina fassara masa sashe sashe. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ɓare goro, ya ce, "To Barista." Daga jin sunan na san akwai magana.

"Mota ta taso daga Kadawa cike da kwanduna, ta lalace a Mokwa, ta kwana biyu a bakin titi. Ta iso rabin tumatirin ya zama ruwa. Kayan na manomi ne da ya ci bashin taki. Mai mota yana son kuɗinsa. 'Yan dako sun sauke suna jira. Matan Yarabawa da suka ba da kafin alƙalami tun jiya ga su tsaye. A takardarka, wa zai ɗauki asarar?"

Na ce sashe na 9 dai ya ce la'ada ba ta canzawa.

Ya ce, "Wato in karɓi la'adata cif daga hannun mutumin da ya zo mini da hawaye?"

Sai ya zayyana mini yadda suke yi. Dillali ya yafe la'ada ko ya raba ta biyu, a roƙi mai mota ya sassauta, dattawa su dubi mutumin da kansa: in baƙo ne a wannan harka a haɗa masa kuɗin komawa gida, in kuwa an san shi da loda ruɓaɓɓe a gindin kwando, a bar shi da halinsa. Ya ce ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, asara ce ta koya musu, shekara bayan shekara.

Abin da ya sa na kasa barci shi ne, a makon nan muke karanta Edmund Burke a darasin falsafar doka, kuma wallahi kamar a bakin Baba ya kwafa. Mutumin haifaffen Dublin ne, 1729, ɗan majalisar Birtaniya. A 1790 ya fitar da littafinsa kan juyin juya halin Faransa, lokacin da mutane da yawa a Ingila ke tafa wa Faransawa. Hujjarsa ita ce hankalin mutum ɗaya jari ne ƙanƙani, gara ya ci daga asusun da al'umma ta yi ƙarnoni tana tarawa. Tsohuwar al'ada ko doka takan ɗauki amsar wata matsala da mutanen yau suka manta an taɓa yi, sai ka rushe ta matsalar ta dawo. Ya ce al'umma haɗin gwiwa ce tsakanin rayayyu da matattu da waɗanda ba a haifa ba, don haka mu masu rai ba mu da ikon watsar da gadon yadda muka ga dama. Tun ba a sare kan sarkin Faransa ba, wanda ya faru a Janairun 1793, ya ce ƙarshen abin wani janar ne da soja ke so zai zama ubangidan kowa. A 1799 Napoliyon ya karɓi mulki.

Tambayata: wannan ra'ayin riƙau na asali, ba na jam'iyyun yau ba, hikima ce ta gaskiya, ko dabara ce ta wanda cokalinsa ke cikin kwano? Domin Baba yana da gaskiya a kan motar Mokwa, amma dattawan da yake karewa su ne dai ba sa karanta lissafi. In yage takardar ne ko in tsaya a kanta?

Baban Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. 'Yata ce ke buga mini, ni ina faɗa.

Ban san Bature mai wannan suna ba, amma na san goro, shekara 40 ina harkarsa a Zangon Agege. Mutum zai turo maka yaro daga Sakkwato da baki kawai, ka ɗaure masa huhu ka ɗora a mota, kuɗi sai bayan an sayar. Da takarda da mai tsayawa za mu jira, da tuni mun koma gida noma.

Kai yaro ne amma ka ga canjin kuɗi na farkon 2023. Masu ilimi ne suka tsara shi a ofis, da lissafinsu da komai. Mu a kasuwa me muka gani? Kuɗinka na banki ba ka iya taɓawa, tiransifa ta maƙale, mai kaya na tsaye, mai saye na tsaye. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, a watan Maris. Cikin makonnin nan me ya riƙe kasuwa? Bashi na baki. Ɗauki, na san ubanka, ka kawo in ta samu. Abin nan da kake so ka haramta a takardarka shi ya ciyar da mutane.

Amma zan faɗa maka gaskiya ko da tsarata ne, kuɗin jama'a a karanta shi gaban jama'a. Wannan ba boko ba ne. Tsoffin masu gida da muka taras, in fatake sun gama ciniki, a gabansu ake zube kuɗi a ƙirga. Wanda ya ƙi ƙirga ba al'ada yake bi ba, cikinsa yake bi. Ka gaida mahaifinka.

Jikan Sawaba ya rubuta:

Baba, Allah Ya ƙara girma, ban da ja a kan goro. Amma ɗan'uwa mai tambaya, kada daɗin bakin Burke ya kwashe ka.

A cikin littafin nan da kake yabo ya kwatanta taron talakawa da garken aladu. Ya zubar da tawada yana jimamin sarauniyar Faransa. Wani marubuci, Thomas Paine, ya mayar masa a 1791, ya ce yana tausayin gashin tsuntsu ya manta da tsuntsun da ke mutuwa, kuma ba zaluncin da ya kai na matattu su ce za su mulki rayayyu daga kabari. Ni a nan na tsaya.

Kuma mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin wannan falsafa daga Turai ba, a jikinmu aka gwada ta. Mulkin da Turawa suka yi ta hannun sarakuna bayan 1903, hujjarsa ke nan: kada a taɓa tsarin da mutane suka saba da shi. Wa ya ji daɗi? Kakana ɗan NEPU ne a Kano, ni ɗinki ya kawo ni Obalende. Na tashi ina jin yadda ɗan doka ke tisa ƙeyar mutum gaban alƙali don ya halarci lacca, yadda ake bin talaka haraji yana sayar da akuyarsa. Duk wanda ya buɗe baki sai a ce ba ya ganin girman manya, yana son rushe gado. An kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, amma haraji da jangali sai 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, alhali na Kudu sun yi tun kafin 'yancin kai. Shekara nawa ke nan ana cewa a bi a sannu? Mai cewa a bi a sannu, duba da kyau, ba shi ke ɗauke da kayan a ka ba.

An ce al'ada ta tara ilimi. Na yarda. Ilimin wa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ɗan dako ma mai ɗaki ne, yaron dillali ma haka. Ka tambayi mahaifinka da ladabi: in dillali ya rasu, rumfarsa wa ake ba? In matarsa da marayunsa na samun wani abu, na yi shiru. In kuwa wani na kusa da dattawa ke shigewa, to kada ka yage takardarka.

'Yar Ikko ta rubuta:

Ƙanena, na riga ka fita daga wannan aji da shekara 12, kuma har yau a kotunan Ikeja wannan gardamar nake gani sanye da riga daban daban.

Jikan Sawaba ya faɗi rabin Burke, bari in cika. Mutumin nan shi ya jagoranci tuhumar Warren Hastings, gwamnan Turawa a Indiya, shari'ar da aka yi daga 1788 zuwa 1795, bisa zargin ya tattake dokoki da al'adun mutanen can. An wanke Hastings, amma ka ga inda Burke ya tsaya. Ya kuma nemi a sasanta da 'yan Amurka a 1775 maimakon a yaƙe su. Kuma shi ne ya ce ƙasar da ba ta da hanyar yin gyara ba ta da hanyar tsare kanta. Da Bahaushe ne da ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya ƙi shi ne a share allo fes a fara daga baƙi. Don haka riƙau na asali ba ya ba dattawanku mafaka. Shugaban da ya toshe duk ƙofar gyara shi ke kiran rusau.

Ta fuskar doka, wanda ya fi kama da matsalarka Bajamushe ne, Savigny. A 1814 aka yi kiran a rubuta wa Jamus kundi guda irin na Napoliyon na 1804. Ya ce a dakata, doka kamar harshe take, a bakin mutane take girma, aikin masani ya fara gano wadda ake rayuwa da ita kafin ya ɗauki alƙalami. Kundin Jamus bai fara aiki ba sai 1900.

Ga shi a gida. A shari'ar Amodu Tijani ta 1921, kan filayen Apapa, alƙalan Landan sun ce miƙa Legas ga Turawa a 1861 bai kashe haƙƙin jama'a a kan ƙasarsu ba, suka kuma yi kashedi a daina cusa haƙƙin gargajiya cikin ma'aunin dokar Ingila. A nan al'ada ce garkuwar mai rauni a gaban gwamnati. Sai dokar filaye ta 1978 ta zo da alƙalami ɗaya ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Je ka sayi fili a Ikorodu ka gani ko omo onile, wato 'ya'yan dangin masu ƙasar, sun san da zancen. Yau mai saye biya biyu yake yi, na dangi da na takardar gwamnati.

Shari'ar da na fi so ita ce ta Dawodu da Danmole. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya tara daga mata huɗu. A raba gado gida huɗu, ɗaki ɗaki, wanda Yarabawa ke kira idi igi, ko kashi tara, kai da kai, wato ori ojori? Alƙalin farko ya ga na ɗaki ɗaki bai dace da adalcin zamani ba. Kotunan sama, har Landan a 1962, suka ce a'a, ba za a auna gidan mata huɗu da ma'aunin gidan mace ɗaya ba.

Amma ga ɗaya gefen, don kada a ce na yi son kai. A shari'ar Ukeje, uba ya rasu a 1981 ya bar dukiya a Legas, aka nemi hana 'yarsa gado da sunan al'adar Ibo. Sai 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan al'ada ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki. Shekara 33. Da al'ada aka bar wa ta gyara kanta, da matar nan har yau tana jira.

Shawarata: in kuna son rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da asusun banki da sunan ƙungiya, dole ku gabatar da kundi, wannan ba zaɓi ba ne. Kuskurenka shi ne ka rubuta kasuwar da ke kanka. Ɗauki biro ka zauna da dattawan nan, ka rubuta yadda ake yi yanzu. Sannan ka taɓa wurin da ke ciwo kawai.

Almajirin Idi-Araba ya rubuta:

Allah Ya saka wa Barista 'Yar Ikko. Ni dai abin da ke ba ni mamaki, a je har Dublin neman abin da ke cikin buzun malamanmu.

Mu Malikawa ne. Imamu Malik ya ɗauki aikin mutanen Madina hujja, saboda abin da gari guda ya gada hannu da hannu daga magabata ba ƙaramin shaida ba ne. Masana fiƙihu kuma suna da ƙa'ida cewa al'ada abar hukuntawa ce, musamman a ciniki: abin da 'yan kasuwa suka saba yi kamar sharaɗi ne ko ba a furta ba. Yafe la'ada ranar asara zai zauna daram a nan.

Sai dai akwai inda muka rabu da Baturen nan. A wurinsa daɗewar abu kanta hujja ce. A wurinmu al'ada na da daraja ne muddin ba ta ci karo da nassi ba, kuma Alƙur'ani ya zargi masu cewa haka muka taras da iyayenmu suna yi. Shehu Usmanu bai yi jihadin 1804 don tsare gadon sarakunan Haɓe ba. A littafinsa Kitabul Farƙ ya jero abubuwan da ya kira zalunci, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwa da abin da ake tatsa daga masu sayarwa a kasuwa. Dukansu tsofaffin al'adu ne a lokacin. Kuma jangalin nan ya dawo ya zauna har zamanin da Jikan Sawaba ya ambata.

Batun rubuta bashi kuwa, ɗalibi, ka buɗe Baƙara aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo. Ta ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba, amma ta cire cinikin hannu da hannu. Ta 283 ta ce in kun amince wa juna, wanda aka amince wa ya sauke amana. Mafi yawan malamai sun ce rubutun abin so ne, ba tilas ba. Kai ka mayar da shi tilas, mahaifinka ya mayar da shi kamar babu.

Ɗan Dillali ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Baba na Zango, ya amsa gaisuwa. Allah gafarta Malam, ayar nan na karanta ta sau nawa ban taɓa haɗa ta da kwandon tumatir ba.

Yaya Jikan Sawaba, maganarka ta sa na koma tarihi, na ci karo da wani abu. A watan Agustan 1950 ɗin nan da aka kafa NEPU, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ba rushewa ya nema ba, gyara daga ciki, irin na Burke sak. Ni yanzu ina zargin da ba a ga masu sawaba a bakin ƙofa ba, da na ciki ba su yi saurin sauraronsa ba. Wataƙila samarinmu ma aikin da suke yi wa Baba ke nan ba su sani ba.

Na bi shawarar Anti Barista. Asabar biyu na yi a rumfar dattawa da littafi, ina tambaya suna faɗa, suna yi mini dariya. Shafi 14 ya koma 4. Na cire ƙayyade la'ada, na rubuta cewa ranar asara dattawa za su duba kamar yadda aka saba. Bashi ya zama a rubuta in ɗaya daga cikin biyun ya nema. Karanta lissafi duk wata uku gaban kowa na bar shi, Baba ya ce shi zai fara kawo maganar da bakinsa, don in ta fito daga yaro ba za ta wuce ba. Zaɓe ya ƙi sam. Ya ce ranar da aka fara kamfen a kasuwa, ranar za a rabu Kanawa da Sakkwatawa da Zazzagawa, kuma 'yan siyasar gari na jiran wannan ranar. Samari sun ce na sayar da su, biyu ba sa amsa sallamata.

Na kuma yi masa tambayar rumfa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ambaci wani abokinsa da ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya ce matar ta koma Funtuwa da yara biyar, rumfar kuwa ƙanin ɗaya daga cikin dattawan ne a ciki. Na ce to in sa sashe a kan haka? Ya ce in bari tukuna sai bayan taron Lahadi.

Anti Barista, in rumfar ba mallakar mamacin ba ce, haya yake biya, akwai yadda za a rubuta wa iyalinsa wani haƙƙi a kundin ƙungiya ba tare da an shiga hurumin masu kasuwar ba?